Idiyot: zagin da muka ara ba mu tambayi nauyinsa ba

Muna aji huɗu a firamare, benci ɗaya nake zama da wani yaro ɗan unguwarmu, dogo, mai shiru-shiru. Tsawonsa ne ya sa aka kai shi layin baya, ni kuma na bi shi saboda abota. Duk ranar da malamin Turanci ya ce ya tashi ya karanta abin da ke kan allo, sai ya miƙe, ya ƙanƙance ido, ya yi ta motsa baki ba abin da ke fitowa. Malam ya ɗan jira, ya maka bulala a kan tebur, ya ce, "Zauna, idiyot!" Aji ya kwashe da dariya. Babu ko ɗaya a cikinmu da ya san ma'anar kalmar. Mun dai san zagi ce, kuma ta Turanci ce, shi ya sa ta yi mana daɗin maimaitawa. Kafin a ba da hutu sunan ya bi shi filin ƙwallo, ya bi shi bakin famfo, har ƙofar gidansu yara kan tsaya su ce, "Wai Idiyot yana nan?" Mahaifiyarsa, baiwar Allah, ta ɗauka wani laƙabin yabo ne na makaranta. Da kunnena na ji ta amsa daga tsakar gida, "Yana ciki, ku bari ya gama cin tuwo."

Bai kai ƙarshen aji shida ba. Sai bayan shekaru, yana koyon ɗinki, maigidansa ya lura ba ya gane mutum daga nesa sai ya ji muryarsa, ya kai shi aka duba idonsa, aka ba shi tabarau. Allon ne ba ya gani. Iyakar ciwon ke nan.

Ni ma ina cikin masu dariyar, kuma abin bai taɓa barin raina ba. Shi ya sa duk lokacin da na ji an wurga kalmar nan, a aji, a titi, ko a Facebook, sai gabana ya faɗi. Ra'ayina shi ne mu daina amfani da ita, musamman a kan yara da kuma a muhawarar siyasa, kuma ina da dalilai da suka wuce tausayin abokina.

Kalmar da Turawa ke rubutawa *idiot* ba tasu ba ce tun asali. Daga Girkanci ta fito. A can akwai *idios*, ma'ana abin da ya keɓanta ga mutum, nasa na kansa. Daga nan aka sami *idiotes*, wato mutumin da ba ya riƙe da wani muƙami, gama-garin mutum, wanda ba gwani ba ne a wata sana'a. Idan ana maganar magani, duk wanda ba likita ba *idiotes* ne. Idan ana maganar yaƙi, ƙaramin soja da ba shi da igiya *idiotes* ne. A Hausance kusan a ce talaka, ko kuma abin da malamai ke kira ba'ame. A cikin Sabon Alkawari na Littafi Mai Tsarki, da Girkancinsa na asali, da wannan kalma aka siffanta manzannin Yesu, Bitrus da Yahaya, don nuna ba su yi karatun malamai ba, kuma Bulus ya kira kansa da ita wajen iya magana. Babu wanda zai kira kansa wawa a irin wannan wuri. Da ta shiga harshen Latin sai ta karkata zuwa ma'anar jahili, wanda bai yi karatu ba. Ta bi ta Faransanci ta shiga Turanci wajen shekarar 1300, kuma a nan ne ta ɗauki kayan da take ɗauke da su har yau.

A nan zan ɗan tsaya, saboda akwai wani saƙo da ke yawo a WhatsApp duk lokacin da zaɓe ya gabato. Saƙon kan ce wai a wurin Girkawan da, *idiot* shi ne wanda ba ya shiga harkar jama'a, ba ya jefa ƙuri'a, don haka duk wanda ya zauna a gida ranar zaɓe idiyot ne. Na san masu tura shi da kyakkyawar niyya suke yi, amma sun haɗa gaskiya kaɗan da ƙari mai yawa. Gaskiya ne mutanen Atina suna ganin baƙin wanda ya juya wa sha'anin gari baya. Sai dai a shahararren jawabin nan na Ferikilis, jagoran Atina, wanda ake kafa hujja da shi, kalmar da aka yi amfani da ita tana nufin marar amfani, ba *idiotes* ba ce. Kuma a Atinar da ake yi mana kwatance da ita, mata da bayi da baƙi mazauna gari duk ba su da ƙuri'a. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 a Najeriya, mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista, waɗanda suka fita kuwa wajen miliyan 25. Shin sauran miliyan sittin da wani abu duk wawaye ne? A cikinsu akwai wanda 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu, akwai matar da ta rasa kuɗin mota saboda ƙarancin takardun Naira na wancan lokaci, akwai dattijon da ya yi zaɓe sau biyar bai ga abin da ya canza ba. Ina son kowa ya fita ya yi zaɓe. Amma ba a taɓa jawo mutum layin zaɓe da zagi ba.

A Ingila kalmar ta zama ta shari'a tun ƙarnoni da dama da suka wuce. Doka ta raba mutum biyu: wanda ya haukace daga baya, da wanda aka haifa da raunin hankali. Na biyun shi ne *idiot*. Idan yana da gadon gona, sarki ne ke riƙe ta, kuma amfanin da ta bayar yana shiga baitulmalin sarki. Wani alƙali na ƙarni na 16, Anthony Fitzherbert, ya rubuta yadda ake gane shi: wanda ba ya iya ƙirga kwabo ashirin, bai san sunan uwarsa da ubansa ba, bai san shekarunsa ba. Ke nan tun farko kalmar hatimi ce da hukuma ke bugawa a goshin mutum, kuma daga ranar da aka buga ta, ya daina mallakar abin da yake nasa.

A farkon ƙarni na 20 likitoci da masana halayyar ɗan Adam suka karɓi aikin daga hannun alƙalai. A 1905 wani Bafaranshe, Alfred Binet, ya tsara gwaji don gano yaran da ke buƙatar ƙarin taimako a makarantun Paris. Niyyarsa taimako. Wani Ba'amurke, Henry Goddard, da ke aiki a wata makarantar masu raunin ƙwaƙwalwa a Vineland ta jihar New Jersey, ya ɗauko gwajin ya mayar da shi ma'aunin jera mutane hawa-hawa. A ƙasa akwai *idiot*, babban da aka ce hankalinsa bai wuce na ɗan shekara biyu ba. A tsakiya *imbecile*, daga uku zuwa bakwai. Na sama kuma, daga takwas zuwa goma sha biyu, babu suna, sai Goddard ya ƙirƙiro masa a 1910: *moron*, daga kalmar Girkanci da ke nufin wawa. Waɗannan kalmomi uku da yaranmu ke jifan juna da su a intanet yau, rubuta su ake yi a katin asibiti, da sa hannun likita. Ingila ma ta zuba biyu daga cikinsu a dokarta ta 1913, wadda ta ba da damar a kulle mutum a gidan killacewa shekara da shekaru, kuma sai a 1959 aka soke ta.

Abin da aka yi da wannan hatimi shi ne ya fi tayar mini da hankali. Masu aƙidar tace iri suka ce raunin hankali gado ne, kuma shi ne tushen talauci da sata da karuwanci, don haka a hana masu shi haihuwa. Jihar Indiyana ta fara kafa dokar yi wa mutane aikin hana haihuwa da ƙarfi a 1907, wasu jihohi suka bi. A 1927 maganar ta je Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar wata matashiya daga jihar Bajiniya mai suna Carrie Buck. Yarinyar nan talaka ce da aka ba riƙo. Wani ɗan'uwan masu riƙonta ya yi mata fyaɗe ta yi ciki, sai aka kai ta gidan killacewa da sunan raunin hankali, tabarmar kunya aka naɗe da ita. Alƙalai takwas cikin tara suka yarda a yi mata aikin. Mai shari'a Oliver Wendell Holmes ya rubuta cewa zuriya uku ta *imbecile* ta isa haka nan, yana nufin ita da mahaifiyarta da jaririyar da ta haifa. Jaririyar nan ta girma ta shiga makaranta, har sunanta ya shiga jerin ɗaliban da aka yaba wa, kafin ta rasu tana shekara takwas a 1932. Mutum sama da 60,000 aka yi wa wannan aiki a Amurka. Jamus ta Hitila ta kafa tata dokar a 1933, ta yi wa kimanin mutum 400,000. Sai a 2002 gwamnan Bajiniya ya fito ya nemi gafara, shekara goma sha tara bayan rasuwar Carrie Buck.

Su kansu masu harshen sun fara share kalmar daga dokokinsu. Tsarin mulkin jihohi da dama a Amurka ya hana *idiot* jefa ƙuri'a, a rubuce ƙarara. New Jersey ta cire kalmar a 2007, Iowa a 2008, duk ta hanyar ƙuri'ar jama'a. Wannan kaɗai ya isa amsa ga mai saƙon WhatsApp: mutanen da aka fi kira da sunan nan ba ƙin zaɓe suka yi ba, hana su aka yi.

Mu ma ba mu tsira ba, domin Turawa sun bar mana ita a rubuce. A dokar laifuffuka da aka shimfiɗa wa ƙasar nan a 1916, wadda aka daɗe ana aiki da ita a kudu, sashe na 221 ya yi maganar wanda ya kwanta da mace alhali ya san *idiot* ce ko *imbecile*, ya kuma yanka masa ɗaurin shekara biyu, a matsayin ƙaramin laifi. A kundin nan dai, hukuncin fyaɗe ɗaurin rai da rai ne. Duk uwar da ke rainon 'ya mai raunin ƙwaƙwalwa, wadda ba ta iya barci idan yarinyar ta fita ko nan da ƙofar gida, ta san abin da wannan bambanci ke nufi. An ɗan motsa a 'yan shekarun nan: dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta samu sa hannu a Janairun 2019, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa kuma a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Takarda ta canza. Baki ne bai canza ba.

Na san abin da za a ce mini, domin an sha faɗa mini. Za a ce, Malam, wa ke tuna Goddard idan ya ce wa wani idiyot? Kalma tana canza ma'ana, kuma abin da mutane ke nufi da ita yau shi ne ma'anarta. Wannan magana tana da ƙarfi, ba zan yi mata kwana ba. A Turancin da, *nice* wawa take nufi, yau yabo ce. *Silly* kuwa mai albarka take nufi, yau ta koma sakarci. *Dunce*, da ake ce wa daƙiƙin aji, sunan wani babban malamin falsafa ne, John Duns Scotus, wanda ya rasu a 1308, abokan gabar almajiransa suka mayar da sunansa zagi. *Fool* ma daga sunan zugazugin maƙeri ta fito a Latin, wato fatar da babu komai cikinta sai iska. Asali ba ya ɗaure kalma har abada, na yarda.

Amma *nice* ta rabu da mutanen da take zagi, ita kuwa *idiot* ba ta rabu da nata ba. Ka duba yadda ake furta ta. Yaro zai ce wa ɗan'uwansa idiyot, sannan ya karkace baki, ya lanƙwashe hannu, ya saki harshe. Wa yake kwaikwayo? Yaron maƙwabta ne, wanda aka haifa da galahanga, wanda ke zaune a ƙofar gida yana kallon 'yan makaranta suna wucewa. Zafin zagin daga jikinsa ake ɗebo shi. Ma'anarsa ita ce, kai kamar wancan kake, kuma zama kamar wancan shi ne ƙarshen ƙasƙanci. Don haka duk jifa ɗaya mutum biyu take samu, kuma na biyun bai yi wa kowa komai ba.

Ba na wanke Hausa. Muna da namu: dolo, gaula, soko, shashasha, sususu, taɓaɓɓe. Mun san garuruwan da yara ke bin marar lafiya da waƙa da jifa manya suna kallo. Sai dai akwai abu biyu da suka sa na Turancin ya fi damuna.

Bahaushe ya san nauyin nasa zagin. Malami zai yi tunani sau biyu kafin ya ce wa ɗan mutane gaula a gaban aji, domin ya san maganar za ta je gida, kuma gobe uban zai zo. Idiyot kuwa tana fita ba birki, kamar ba zagi ba, har wani ma gani yake alamar wayewa ce. Na san gidajen da in yaro ya yi ashar da Hausa sai an fasa masa baki, amma uwa na ce masa idiyot sau goma kafin azahar. Mun ɗauka Turanci sabulu ne da ke wanke ƙazantar magana.

Na biyu kuma shi ne daga ina take fitowa, ina take sauka. Kusan kullum daga sama take gangarowa. Kwanakin baya ina cikin adaidaita sahu a Kano, ana cunkoso, direban ya ɗan goga madubin wata babbar mota. Mai motar ya sauke gilashi, da babbar riga da hula, Bahaushe ne kamar kowa, ya ɗaga murya ya ce, "Idiyot! Buladi idiyot!" Direban, dattijo mai furfura, ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Alhaji." Da muka wuce sai ya waiwayo ya ce mini, "Malam, don Allah me ya ce? Uwata ya zaga?" Na ce a'a Baba, wawa ya ce maka. Ya yi shiru, can ya ce, "To, da ya faɗa da Hausa ai da na ba shi amsa." Wannan ita ce maganar. An zaɓi harshen da ba zai iya ramawa da shi ba. Zagin yana cewa abu biyu a lokaci guda: ba ka da hankali, kuma ba ka yi boko ba. Shekara dubu biyu da wani abu bayan Girkawa, kalmar ta dawo inda ta fara, sunan da mai muƙami ke kiran talaka.

Sai kuma siyasa, inda nake ganin kalmar tana yi mana ɓarna ta wata fuskar. Ana cewa ai akwai shugabannin da suka cancanci sunan. Ban yarda ba. Wanda ya karkatar da kuɗin asibiti ya gina gida a Abuja ba wawa ba ne. Ya san abin da yake yi sarai, ya iya lissafi fiye da ni da kai. Sunansa ɓarawo, sunansa azzalumi, sunansa maci amana. Idan ka ce masa idiyot ka yi masa rangwame, domin ka mayar da laifinsa rashin iyawa, kuma a shari'a da addini duka, wanda ba shi da hankali ba a kama shi da laifi. Haka nan wanda ya zaɓi ɗan takarar da ba ka so. Da zarar ka yanke cewa idiyot ne, ka sauke wa kanka nauyin tambayarsa dalili, shi kuma ya toshe kunne. Dubi muhawarorinmu a Facebook: mutum ya kawo hujja, daidai ko kuskure, amsa ta farko idiyot, ta biyu jahili, ta uku a shiga iyaye. Ba wanda ya fita da sanin da bai shigo da shi ba.

Wauta dai akwai ta, kuma dole a kira ta da sunanta. Wanda ya ɗora yara biyar a kan babur ya yi ganganci. Wanda ya je kwasar fetur daga tankar da ta faɗi ya yi wauta mai kisa, kuma mun ga abin da ya faru a Majiya ta jihar Jigawa a Oktoban 2024. A faɗa, da babbar murya. Amma Hausa ta ba mu hanya: "ka yi wauta" daban, "kai wawa ne" daban. Ta farko tana nuna aiki, tana barin ƙofa a buɗe, mutum ya gyara gobe. Ta biyu ta rufe shi a ɗaki ta jefar da mabuɗin. *Idiot* ba ta da irin ta farkon a bakinmu. Ba mai cewa ka yi idiyot. Kullum kai ne idiyot, ɗungurungum.

Abin mamaki, addinan da muke bi sun riga sun yi magana. A Suratun Nisa'i, aya ta 5, inda aka hana miƙa wa masu raunin hankali dukiya, a ayar nan dai aka ce a ciyar da su daga cikinta, a tufatar da su, a gaya musu magana mai kyau. A Suratul Hujurat, aya ta 11, an hana jifan juna da miyagun laƙubba. A Linjilar Matiyu, sura 5 aya 22, an yi kashedi mai tsanani ga wanda ya ce wa ɗan'uwansa wawa, kuma kalmar Girkancin da ke wurin ita ce tushen da Goddard ya yanko *moron* daga gare shi. Duk mun haddace waɗannan. Sai mu zo mu yi abin da aka hana da wani harshe, kamar mala'ikun da ke rubutu ba sa jin Turanci.

Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. Shugabannin makarantu su haramta wa malamai wannan kalma da 'yan'uwanta kamar yadda suke haramta ashar. Kwalejojin horar da malamai su koya wa ɗalibansu cewa yaron da ya kasa karanta allo, abu na farko a matso da shi gaba, a duba idonsa da kunnensa, a tambaya ko ya karya kumallo. Majalisu su bi dokokinmu layi-layi su tsince ta, su kuma gyara hukuncin da ke maƙale da ita. Na san sauya kalma kaɗai ba ya magani. Amurkawa sun maye gurbin waɗancan ukun, *idiot*, *imbecile* da *moron*, da wata kalma mai laushi, ita ma ta koma zagi, har sai da Obama ya sa hannu a wata doka a 2010 aka cire ta daga wasu dokokin tarayya. Muddin ana ƙyamar mutanen, duk sunan da aka ba su zai ruɓe. Amma wannan dalili ne na a haɗa gyaran baki da gyaran hali, bai zama uzurin ci gaba da zagi ba.

Bara kafin ƙaramar Sallah na kai ɗinki shagon abokin nan nawa. Yana da kekuna shida yanzu da yara masu koyo, kuma shi ke rubuta awon kowa a wani babban littafi, da rubutu mai kyau da ya koya a ajin yaƙi da jahilci yana da aure. Yana auna kafaɗata, tabarau a kan hanci, ba tare da ya dube ni ba ya ce, "Kai da ka yi karatu, wai mece ce ainihin ma'anar sunan nan da Malam ya sa mini?" Shekara talatin da wani abu, ashe bai taɓa tambayar kowa ba. Na ce masa a asalinta tana nufin mutumin da ba ya riƙe da muƙamin komai, yana harkar gabansa. Na kuma gaya masa sauran, domin yana da haƙƙin ya sani, na roƙe shi gafarar dariyar da na yi. Ya rubuta awon a littafi, ya ce, "Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Ɗana na biyu ma ba ya gani sosai, shi a benci na gaba na sa aka ajiye shi." Sannan ya ce in dawo ranar Alhamis bayan la'asar.